Na Je Damargu Neman Saki

Tun ranar da na sauko daga jakin Kawu Gambo a ƙofar gidanmu ban sha ruwa da daɗi ba. Wannan ta leƙo wai aron rariya, waccan ta ce wuta ta zo ɗiba, amma abin da ke bakin kowace ɗaya ne: yaya Damargu, kin gan shi, ya sake ki? Har wadda shekara biyu ba ma ga maciji sai ga ta da sannu da hanya. To, tunda yau kun taru, ku gyara zama in ba ku labarin sau ɗaya, wadda ba ta nan ku kai mata. Wadda ta katse ni kuwa, na yi shiru ke nan.

Saboda ku amaren unguwa da ba ku san farkon maganar ba, ni ce Abu, matar Baban Larai. Sunansa ba za ku ji a bakina ba, mijin fari ne. Larai tana goye aka kwashe shi soja zuwa yaƙin Jamus. Da fari muna jin labarinsa a bakin masu dawowa, daga baya shiru, sai wani mai hannu ɗaya ya zo ya ce ya ga lokacin da Jamus suka kama shi da rai. Shekara biyu ya yi a hannunsu. Ranar da ya dawo Larai har ta fara zuwa rijiya da ɗan tulunta.

Ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, muka gode wa Allah. Amma mutumin da aka ɗauka mai zama ne a zaure cikin 'yan'uwansa, akushi ɗaya, ana ci ana gardama. Wanda aka maido mini, in na kai masa tuwo sai ya ɗauka ya shige ɗaki ya juya fuska ga bango. Ya yanka tuwon da wuƙa kashi-kashi, ya ci ɗaya, sauran ya naɗe a tsumma ya cusa ƙarƙashin tabarma. Sau nawa ina shara ina tarar da tuwo ya yi funfuna. Kun san abin da aka riƙa faɗa, don wasunku suna cikin masu faɗar. Aka ce zargina yake ina sa masa wani abu a miya, shi ya sa yake ɗanɗana kaɗan ya ajiye ya ga abin da zai faru. Ƙannensa suka daina cin girkina. Mace a ce mijinta na tsoron tukunyarta, ni ban san kunyar da ta fi wannan ba. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ci a gabansa don ya gani, shi dai sai ya ce, “Ba ke ba ce, Abu,” ya ja bakinsa ya rufe.

Damina ɗaya ya yi da mu. Da kaka ya ce zai je arewa aikin girbi, shi ke nan, shekara uku. Kowace kaka wani Buzu ya sauke mana gero a ƙofa, ba sallahu ba gaisuwa. Bana babban wana, Yaya Sani, ya ce ya isa haka, in shirya mu je gaban alƙali a raba auren. Na ce auren da aka ɗaura a gabansa ba za a kwance a bayan idonsa ba. Wani mai sayen gero ya ce ya gan shi a kasuwar Gangara, to ni zan je in tsaya gabansa, ko ya biyo ni gida, ko ya sake ni da bakinsa. Kawu Gambo, ƙanen mahaifiyata, dama kowace kaka yana kai goro da tufafi can ya sayo gero. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ke da ba ki taɓa wuce gonakin bayan Birni ba? To, ki zo, amma in kika yi kuka a hanya a nan zan bar ki.”

Muka tashi da sassafe, jakuna tara, mu da abokan fataucinsa huɗu. Na ƙulla kuka da daddawa da yaji a wata 'yar jaka, don na ce ko sakin zai yi sai ya ci miyata tukuna. Jakin da aka ba ni munafuki ne na ƙarshe. Muddin Kawu na kallo tafiya yake kamar na kirki, da ya juya baya sai ya nemi yashi mai laushi ya durƙusa. Sau biyu ya zubar da ni rana ta fari, na biyun kuwa cikin ƙarangiya. Na wuni ina tsince ta daga zanena, fatake suna dariya suna cewa Damargu ce ta aiko mini da gaisuwa tun daga nesa.

Kwana biyu muka isa Bakin Birji, muka sauka gidan fatoman Kawu, mai ba shi masauki. Matarsa ta ba ni ruwa a ƙwarya, na duba na ga ja, na ɗauka kunu ne har na ce na gode amma ruwa nake so. Ta ce, “Ruwan ke nan, 'yar birni. Sha da kyau, gaba sai kin yi marmarinsa.” Gaskiya ta faɗa.

Gaba da nan kaɗan akwai wata rumfa a bakin hanya, inda ƙasar Damagaram ta ƙare aka shiga hannun kumandan na Damargu. Gardi biyu ne, dogaran Nasara, yaro da tsoho. Yaron ya karɓi takardar hanyar Kawu ya jujjuya ta, ya nuna ni da bulala ya ce wannan fa. Kawu ya ce wurin mijinta za ta. Yaron ya ce in faɗi sunan mijin. Na sunkuyar da kai. Kawu ya buɗe baki zai faɗa, yaron ya ce ba shi ya tambaya ba, ya hau ni da Faransanci kamar zai cinye ni ɗanye. Na ce a raina ko kwana za mu yi nan, ba zan kama sunan mijina gaban maza bakwai ba saboda wani ɗan tatsitsi mai jar hula.

Tsohon yana zaune abinsa, sai da ya ji Kawu ya ce mijin tsohon soja ne, na cikin waɗanda Jamus suka kama. Nan ya miƙe. Ya gyara hularsa, ya haɗa ƙafafu, ya sara mini, ni Abu, a kan jaki, da ƙarangiya a zane. Ya ce wa yaron ya mayar da takarda. Sannan ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ƙanwata, ni ma na je can, amma ni ba a kama ni ba. Waɗanda aka kama, mu da muka yi yaƙin ma ba ma tambayarsu. In kin same shi kada ki zo masa ta baya, kada kuma ki ɗauke kwano a gabansa ko da ya gama.” Wata nawa ina kwana ɗaki ɗaya da mutum, ashe wani baƙo a bakin hanya ya fi ni sanin abin da ke damunsa. Har muka yi nisa ina waiwaye, yana tsaye bai zauna ba.

Daga nan ƙasa ta buɗe. Ku da kuke auna gero da tiya, ban san yadda zan gaya muku ba. Mun yi wuni guda muna tafiya tsakanin dammuna a jibge, tsibi bayan tsibi, sun fi tsayin mutum a kan raƙumi. Rumbunansu ba a cikin gida suke ba kamar namu, can bayan gari suke a fili, sun fi ɗakunan garin yawa, ba mai tsaro ba kare. Na tambayi Kawu ɓarayi fa. Ya ce wanda yunwa ta kama ba sai ya yi sata ba, ya yi sallama kawai a ƙofar da ya fara gani. Mutanen nan baƙo shi ne adonsu, a kansa suke gasa.

Rijiyoyinsu kuwa abin tsoro ne. Kusa da Sabon Kafi muka tsaya a wata, na leƙa ban ga ruwa ba, baƙi ƙirin kawai. Ba da hannu ake ja ba. Sa ake ɗaura wa igiya, a kora shi ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido, sannan wasaki, gugan fata, ya fito. Na tuna yadda nake mita in igiyarmu ta gida ta ƙaru da kamu biyu da bazara, na yi istigfari.

A bakin rijiyar nan muka kwana biyu saboda jaki ɗaya ya yi targaɗe, muka sauka kusa da wasu Buzaye makiyaya. Uwar gidan sunanta Raisha, Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana dariyar kanta. Ta dama mini fura da dabino da cuku, wato busasshen nononsu, wallahi ban taɓa shan abu mai riƙe ciki irinsa ba, tun hantsi har magariba ban nemi komai ba. Su komai nasu a juye yake da namu. Mata fuska a buɗe, suna zaune cikin maza suna ba da baki, maza ne a lulluɓe sai ido. Tanti ma na mace ne. Ta ce in aure ya mutu ita ba ta zuwa ko'ina, shi ne zai ɗauki sirdinsa ya nemi gindin itace. Na ce Allah ya kawo mana wannan al'ada Birni.

Da aka kawo wa mazansu abinci sai na ga kowa ya ɗan juya gefe, ya ɗaga rawani kaɗan, yana sa cokali ta ƙasa. Na tambaye ta ko fushi suke da mu. Ta ce a'a, namiji mai mutunci ba ya bari a ga bakinsa yana ci. Na ba ta labarin nawa mijin da bango. Ta ce, “To mene ne? Mijinki yana da kunya.” Abin da ya sa aka nuna ni da baki shekara da shekaru a unguwar nan, kwana huɗu kawai daga nan ba wanda zai ɗaga kai ya kalla. Na fara gane abin da ya zaunar da shi a ƙasar. Muna cikin hirar wani raƙuminsu ya miƙo wuya ta bayana ya ɗauke jakar kukata, ya tauna har da daddawar. Raisha ta yi dariya har da hawaye, ta rama mini da cuku guda biyar.

Tanut ba mu daɗe ba, kuma da don ni ce da ba mu bi ta can ba, don zagaye ne. Amma goron Kawu can yake da daraja. Gari ne a gindin jan tudu, barikin Nasara a sama, kasuwa a ƙasa. Mun tarar da ayarin masu zuwa ɗaukar gishiri suna sayen gero na guzuri. Na fara ƙirga raƙuma na bari. Tun da hantsi suke ficewa daga gari a jere, har aka kira azahar na ƙarshe bai tashi ba, kuma duk yawan nan ba hayaniya, sai ƙarar igiya da sirdi. Na tsaya baki buɗe har wata mai sayar da nono ta ce in rufe kada ƙuda ya shiga.

Kwana biyu muka yi kudu maso yamma zuwa Gangara, muka dace da ranar kasuwa. Kawu ya kama sunan Baban Larai yana tambaya rumfa-rumfa, ba wanda ya sani. Sai da ya ce tsohon soja ne daga Damagaram, mai tsaga a nan, ba ya yawan magana, sai wani mahauci ya ce, “Au, Sojan Iya Fanna kuke nufi.” Gabana ya faɗi da na ji sunan mace, ba zan ɓoye muku ba. Mahaucin ya lura, ya ce in kwantar da hankalina, Iya Fanna ta isa ta haifi uwata, makauniya ce, ɗanta guda ne aka kai yaƙi bai dawo ba. Ya ce sojan nan noman mutum uku yake yi shi kaɗai, amma ko rigar kirki ba shi da ita, komai na tsohuwar ne.

Ƙauyen yana yamma, wajen kwarin Tarka, wuni guda da ɗan ƙari. Mun shiga da la'asar. Gidaje ba su fi ashirin ba. Aka nuna mana wata 'yar bukka, bayanta rumbuna biyar sababbi. A saman na ƙarshen na hango mutum yana jera zangarniya. Na tuna maganar tsohon gardi, na zagaya ta gabansa na tsaya. Ya daɗe yana kallona. Ya sauko a hankali, ya durƙusa ya gaida Kawu, sannan ya ce, “Abu, kin zo.” Na ce na zo. Ya ce, “Larai fa?” Na ce ta isa surfe. Ya rame, furfura ta fito masa. Duk zagin da na haddace tun daga Birni na neme shi na rasa.

Iya Fanna ce ta sauke ni. 'Yar ƙaramar tsohuwa, Badagira, 'yar ƙabilar Dagira ta can, Hausarta da gishirin Barebari a ciki. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce, “Ashe yana da mace haka ya zo ya zauna da ƙashi irina.” Ta sa aka yanka mana ɗan akuya. Muna zaune tana kaɗi da lalube ta ba ni labari. Ɗanta Bukar ne, tare aka kama su da Baban Larai. Wata kaka sai ga wannan bawan Allah ya yi sallama ya ce shi abokin Bukar ne, a hannunsa ya cika, an yi masa wanka da salla an rufe shi a ranar. Ta ce wannan maganar ce ta ba ta barci. Ya ce zai taya ta girbi ya wuce, bai wuce ba har yau.

Washegari da hantsi na bi shi gona. Na ce, “Malam, ban keto ƙasar nan don in ga rumbu ba. Yaya Sani na jirana da alƙali. Ko ka bi ni gida, ko ka sake ni yau. Amma kafin nan sai ka gaya mini me tuwona ya yi maka.”

Ya ajiye wuƙar girbi ya zauna a kan dami. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba, kuma bai kalle ni ba har ya gama.

Ya ce su bakwai ne a wani ɗakin katako, ana fitar da su saran itace cikin ƙanƙara. Abinci sau ɗaya ne, ruwan zafi da ɗan ganye, sai wani baƙin abu mai tauri wai shi burodi, a raba wa mutum bakwai. Da zare suke auna shi. Ɗaya ya juya ga bango, a taɓa yanki a ce na wa, ya kira suna, don kada a yi son kai. Wanda ya karɓi nasa shi ma bango yake fuskanta, saboda idon ɗan'uwanka a kan bakinka ya fi yunwar ciwo. Kuma ba a cinyewa, sai an ɓoye na anjima.

“Bukar ya kwanta ciwon ƙirji,” in ji shi. “Wata safiya na taɓa shi na ji ya sandare. Ni ne babba, ni ke ja musu salla, sai duk suka zuba mini ido. In muka faɗa, za a yanke rabonsa daga burodin. Na ce a ja masa bargo. Mai tsaronmu ba ya shiga ɗakin masu tari, daga ƙofa yake ƙirga kawuna. Sanyin ƙasar kuma ba ya barin gawa ta canza. Kwana tara, Abu. Musulmi ɗan Musulmi, ba wanka ba salla, ina kwance a gefensa ina cin rabonsa. Rana ta goma suka gane, suka ja shi waje, ban san inda suka kai shi ba.” Sannan ya ce, “Tuwonki bai yi komai ba. Daɗinsa ne ba na iya ɗauka.”

Na yi kuka, kukan tausayi da na haushi a haɗe. Tausayinsa ya kama ni har cikin ƙashi, amma kun san halina. Na share ido na ce, “Ita ta sani?” Ya girgiza kai. Na ce, “To shekara uku kana cika mata rumbu a kan ƙarya, ni kuma ka bar ni da sunan mai sammu. Wannan maganar ba tawa ba ce, je ka gaya wa mai ita. In ta kore ka mu tafi gida tare. In ba za ka iya ba, ba ni sakina in bi Kawu.” Ina rufe baki tsoro ya kama ni. Tsohuwar da ta ce maganar nan ce ta ba ta barci, in ta faɗi ta mutu fa, wa ya kashe ta in ba ni ba? Na so in janye, amma ya riga ya tashi.

Bayan azahar ne. Tana zaune a inuwar bukka tana kaɗi, ni da Kawu muna gefe. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata duka, bai rage ko ɗaya ba, har da cewa shi ne ya ba da umarnin bargon. Mazarin ya tsaya a hannunta. Na ji kamar in tashi in gudu.

Can ta ce, “Ku nawa kuka ci?”

Ya ce, “Mu shida, Iya.”

“Nawa suka ga gida?”

“Huɗu.”

Ta ajiye mazarin a cinyarta. Ta ce, “Ubansa, Allah ya ji ƙansa, an san shi da baƙi har Tarka. Amma da rumbunansa cike bai taɓa riƙe baƙi shida kwana tara ba. Ashe ɗana yana kwance ba rai yana ciyar da mutane, har huɗu suka koma wurin iyayensu.” Ta juyo da fuskarta wajensa ta ce, “Kai kuma ka zauna da wannan labari shekara uku ka hana ni? Gero ka ga ya fi shi?”

Ni dai ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ban kuma sa ran zan sake gani ba. Duk raƙuman Tanut da rijiyoyin nan ba su girgiza ni kamar 'yar tsohuwar nan ba. Kawu da ya ce zai bar ni a hanya in na yi kuka, shi ne ya ja bakin rawani ya rufe fuska.

Hawaye na zuba daga idanun nan nata da ba sa gani. Ta ce, “Wankan da ba a yi masa ba yana yi mini ciwo, ba zan ce ba ya yi ba, kuma zai yi ta yi har in mutu. Amma na yafe maka duniya da lahira, ƙaryar ma na yafe. Tashi ka bi matarka, yarinyarku ta girma ba uba.”

Ya kifa goshi a ƙasa yana kuka kamar yaro. Da ya iya magana ya ce, “Iya, ban rufe ɗanki ba. Ki bar ni in rufe ki. Ba zan iya tafiya kafin nan ba.” Ya juyo wajena bai ɗaga ido ba ya ce, “Abu, kin ji. In saki kike so, Kawu shaida ne, zan ba ki yanzu. Ba ki da laifi.”

Abin da na keto ƙasa nema ke nan, ga shi an miƙo mini. Kalma ɗaya zan faɗa in koma gida da wankakken suna. Kafin in buɗe baki tsohuwar ta yi 'yar dariya ta ce masa, “Haƙa rami kowa ya iya, soja. Wanka fa? Namiji ba ya wanke mace. Ba ni da ɗiya, ba ni da suruka. Maƙwabta za su zo, Allah ya saka musu, amma wankan maƙwabta na sauri ne.”

Wallahi ban shirya ba, sai dai na ji bakina ya ce, “Ni zan wanke ki, Iya.”

Ta miƙo hannu ta lalubo nawa ta riƙe, ta juya tafin tana shafawa kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Ta ce, “Hannun zai iya.” Kawu ya gyara murya ya ce to maganar saki fa, me zai gaya wa Sani. Baban Larai ya fara cewa shi dai bai cancanci in zauna ba. Na ce masa wa ya tambaye shi.

Kwana shida na ƙara a can. Kada ku ce ya warke, bai warke ba, kuma ban sani ba ko zai warke. Amma ranar da za mu taso ya rako mu har Gangara a ƙasa yana riƙe da igiyar jakina, yana tambayata Larai da wa ta yi kama, ko tana da faɗa irin nawa. Munafukin jakin kuwa ko sau ɗaya bai durƙusa ba.

Yaya Sani ya yi faɗa ya gaji, ya ce na haukace, zan kai yarinya ƙasar jan ruwa. Na ce na ji. Farin ƙyallen da kuka ga na sayo jiya kuna ta zunɗe, ba na kowa ba ne a gidan nan, na Iya Fanna ne, ita ta ce in zaɓo mai laushi. Kawu zai koma jibi, ni da Larai muna cikin ayarin. Kwana takwas ne tsakaninmu in ba a bi ta Tanut ba, tsohuwar kuwa na baro ta tana tari. Ku tashi ku taya ni ɗaure tukwanen nan.